Wa Ake Rufa wa Asiri Idan an Kulle Fayil?

Ɗan ƙanena ne ya tayar mini da maganar nan, wata Asabar bayan la'asar, muna zaune a zaure a nan Bauchi. Yaron yana karatun digiri na biyu a fannin tarihi, ya dawo ke nan daga Kaduna, inda ya yi mako biyu yana jujjuya tsofaffin takardun Lardin Bauchi a gidan adana takardun tarihi na ƙasa. Ya zaro waya, ya buɗe wani hoto, ya miƙo mini.

"Baffa, dubi layi na bakwai. Ka gane gidan nan?"

Shafi ne na rajistar bayin da aka 'yanta a farkon zamanin Turawa. An ja layuka da tawada: suna, shekaru, ƙabila, inda aka 'yanta mutum, da wanda aka damƙa shi a hannunsa. Layi na bakwai wata yarinya ce mai kimanin shekara goma sha biyu. Da sunanta da sunan mutumin da aka ba riƙonta, duk wanda ya tashi a unguwarmu ya kai shekaruna ba ya bukatar ƙarin bayani. Zuriyarta na nan, masu mutunci da rufin asiri, kuma a daidai lokacin ana maganar auren ɗaya daga cikin 'yan matan gidan.

Na ce masa, "To, me za ka yi da shi?" Ya ce zai sa shafin yadda yake a cikin kundinsa, domin hujja ce, takardar ta haura shekara ɗari, kuma ba wanda ya hana shi gani. Na ce ya ajiye wayar tukuna, shayi na hucewa.

Na yi shekaru a rajistar wata ma'aikata kafin in yi ritaya, saboda haka na san warin tsohon fayil, na kuma san abin da ke cikinsa. Mutanen waje sun ɗauka takardun gwamnati duk lissafin kwangila ne da wasiƙun manya. Akwai su, amma mafi yawan abin da ke jibge a sito labarin ƙananan mutane ne. Masinjan da aka ba takardar tuhuma don ya zo aiki a buge. Malamar makarantar da ta nemi a canja mata wurin aiki, ta rubuta dalilin da ko mahaifiyarta ba ta faɗa wa ba. Akawun da likita ya rubuta cewa yana da taɓin hankali. Ma'aikacin da kotu ta sa a riƙa yankar albashinsa don ciyar da 'ya'yan da ya yi watsi da su. Kowane ma'aikaci fayil biyu gare shi, buɗaɗɗe da na sirri, kuma na sirrin ba kowane akawu ke taɓa shi ba.

A cikin mutanen nan babu wanda ya kawo labarinsa don marmari. Dole ce ta sa. Wanda ciwo ya kai asibitin gwamnati ba shi da zaɓi sai ya faɗa wa likita gaskiya. Matar da ta tsaya gaban alƙali tana neman a raba aurenta dole ta faɗi abin da ke faruwa a ɗaka, muhuti kuma ya rubuta. Yau ma haka abin yake, sai ma ƙaruwa: babu layin waya sai da lambar NIN, babu asusun banki sai da BVN, ka ba da hoto, ka ba da zanen yatsu. Gwamnati tana karɓar bayanan nan da ƙarfin ikon da ba wanda ke da irinsa, kuma tana karɓa ne don wata bukata takamaimai. Abin da aka karɓa haka ajiya ne. A wajenmu kuwa ajiya ba ta zama mallakar mai riƙo don kawai ta daɗe a hannunsa. A nan hujjar kulle wasu takardu ta samo tushe, kuma ina ganin duk wata hujja da ba ta koma nan ba abin tuhuma ce.

Dokokin ƙasar nan ma sun san da haka, ko da yake da yawan masu riƙe da makullan ba su taɓa karanta su ba. A shekarar 1954 aka kafa ofishin adana takardun gwamnati, da ƙoƙarin masanin tarihi Kenneth Dike, daga baya aka samu manyan rassa uku a Ibadan da Enugu da Kaduna. Na Kaduna ne ke riƙe da takardun lardunan Arewa, har da na Lardin Bauchi, wanda a da ya haɗa da Gombe da Katagum. Dokar da ke tafiyar da gidan yanzu ta 1992 ce. Ta ce takardar da ta kai shekara 25 a buɗe take ga jama'a, amma ta keɓe takardun da suka shafi rayuwar mutum ta ƙashin kansa: waɗannan sai da rubutaccen izinin mai su, ko na magadansa, ko na wanda ya bar wa wasiyya, idan an san su. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 shi ma ya ba ɗan ƙasa kariya a kan sirrinsa da gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya.

Sai dokar 'yancin samun bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011. Mutane sun fi sanin fuskarta guda, wato ka rubuta wa hukuma kana neman bayani, ta amsa maka cikin kwana bakwai. Sashe na 14 kuwa shi ne ɗaya fuskar. Ya hana hukuma sakin fayil ɗin majinyata da ɗalibai da masu karɓar tallafi, da na ma'aikata da masu neman aiki, da bayanan haraji, da sunan wanda ya kai ƙorafi ko ya tsegunta wa hukuma wani laifi. Ƙofa uku ya bari: idan mai bayanin ya yarda, ko bayanin dama yana fili, ko kuma maslahar jama'a ta rinjayi sirrin mutumin ƙarara. An daɗe ana jayayya ko dokar ta hau kan jihohi, har watan Afrilun 2025 da Kotun Ƙoli, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, ta ce ta hau. Ke nan ma'aikatun Bauchi da na Gombe ba su da sauran maɓoya a wannan gefen. A 2023 kuma aka yi dokar kare bayanan mutane, wadda ta ware wasu bayanai ta ce suna bukatar tsaro na musamman, irin su lafiyar mutum, addininsa, ƙabilarsa, ra'ayinsa na siyasa, abin da ya shafi shimfiɗarsa, da zanen yatsunsa.

Akwai wani ɗan layi a dokar 2011 da ba a cika lura da shi ba, alhali shi ne ya sa dole a yi taka-tsantsan. Mai neman bayani ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Wannan alheri ne, domin ya hana jami'i ya tsare ka da "me za ka yi da shi?" Amma ma'anarsa ita ce duk abin da aka ba mutum ɗaya an ba kowa. Ƙofar da ɗalibin tarihi ya shiga, ta nan abokin takarar kansila zai shiga yana neman abin da zai ɓata abokin hamayyarsa, ta nan ɗan uba zai shiga yana neman hujjar cire wani daga gado, ta nan wanda aka hana aure zai shiga da ƙullin zuciyarsa. Mai kula da takardu ba ya ganin zukata. Takardar ce kawai a gabansa, sai ya auna ta da mafi munin hannun da za ta iya faɗawa.

To, shekara 25 fa? A kunne tana da yawa. A lissafi ba ta kai ko'ina ba. A watan Satumban 2010 'yan Boko Haram suka fasa gidan yarin Bauchi, fursunoni fiye da 700 suka fice. A 2014 da 2015 an tayar da bama-bamai a tashoshin mota da kasuwa a Gombe. A waɗannan shekaru akwai masu unguwanni da 'yan kasuwa da direbobi da suka sayar da rai suka kai wa jami'an tsaro labari, kuma wani wuri an rubuta sunayensu. Shekara 25 daga 2010 ita ce 2035. Saurayin da ya yi tsegumin yana ɗan shekara talatin, a lokacin bai wuce hamsin da biyar ba, yana zaune a unguwar da yake, 'yan'uwan wanda ya tona suna bayan katangarsa. Haka waɗanda suka ba da shaida gaban hukumar binciken Mai Shari'a Babalakin bayan rikicin Tafawa Ɓalewa na 1991: shekara 25 ɗinsu ta cika tun 2016, da yawansu kuma suna raye, maganar ma ba ta mutu ba. Rahoton irin wannan hukuma, da abin da ta gano, da shawarar da ta ba gwamnati, haƙƙin jama'a ne su gani. Amma a ce wane ɗan wane ne ya nuna wane da yatsa, wannan wuta ce ake ajiyewa kusa da bunu. Kuma ranar da mutane suka gane cewa sunan mai tsegumi yana fita bayan wani lokaci, ranar ce za a daina samun mai tsegumi.

Ƙasashen da suka riga mu a harkar nan ba su tsaya kan adadi ɗaya ba. A Amurka takardun ƙidayar jama'a masu ɗauke da sunaye sai sun shekara 72 ake buɗe su, shi ya sa na 1950 ba su fito ba sai a 2022. A Ingila shekara 100 ake jira, na 1921 ma a 2022 suka fito, alhali sauran takardun gwamnatinsu shekara 20 kawai suke yi a rufe. Wato sun bambanta takardar da ke bayyana aikin hukuma da wadda ke bayyana cikin gidan mutum. Ma'auninsu dai tsawon ran ɗan Adam ne: a jira har mai sunan ya bar duniya.

A nan ne nake ganin aron ma'aunin Turawa kai tsaye ba zai fisshe mu ba, kuma a nan muka fi daɗewa da yaron nan. A wajensu, galibi, idan mutum ya mutu sirrinsa ya bi shi kabari. A wajenmu abin gori gado ne. Ana raba shi ga 'ya'ya da jikoki ba tare da an kira malami ba.

Dubi maganar bauta. Masana sun ƙiyasta cewa a wajen 1900 akwai bayi tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2.5 a Daular Sakkwato. Turawa suka ci Bauchi a 1902, aka yi yaƙin Bormi a ƙasar Gombe a 1903. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta hana cinikin bayi, ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilun shekarar ɗa ne, amma ba ta saki waɗanda ke hannu ba. Su sai dai su bi ta kotun alƙali su fanshi kansu, da yawa da kuɗin da suka tara ta hanyar murgu, wato bawa ya yi aikin kansa yana biyan ubangidansa wani abu, a rubuta musu takardar 'yanci. Ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. Duk tsawon shekarun nan ana rubuta sunaye. Shekarar 1936 kuwa ba nisa gare ta ba, akwai tsofaffi a garin nan da aka haifa kafin ta. Har gobe kuma idan aka tashi aure a wasu gidaje sai an aika a binciko asali, kuma kowa ya san abin da ake nufi da "asali" ko ba a faɗa ba. Haka maganar kuturta. An daɗe ana kula da masu ciwon a Bayara, nan kusa da gari. Yau ciwo ne da ke warkewa da magani, likitoci ma sun tabbatar ba gadonsa ake yi ba. Amma je ka faɗa wa gwaggon ango cewa an ga sunan kakan amarya a tsohuwar rajistar asibitin kutare, ka ga ko bayanin likita zai hana a mayar da kayan sa-rana.

Yaron bai yi shiru ba, kuma abin da ya faɗa yana da nauyi. Ya ce, "Baffa, ai ɓoyewar ce ke raya gorin. Yarinyar nan me ta yi? Kama ta aka yi. Idan akwai mai jin kunya, zuriyar wanda ya kama ta ce. In muka ci gaba da rufewa, tarihin sarakuna kaɗai za a riƙa karantawa, talaka ko sunansa ba za a ji ba." Gaskiya ya faɗa. Ni ma na yarda gorin asali jahilci ne, kuma a Suratul Hujurati ayar da ta hana bin diddigin asirin mutane da cin namansu, ita ce ke maƙwabtaka da wadda ta ce mafificinku a wurin Allah shi ne mafi taƙawa. Sai dai na tambaye shi: wa zai biya kuɗin maganin? Shi zai samu digiri, malamansa su yaba masa. Wadda za a fasa aurenta ba ta san ma ana rubuta kundin ba. Idan al'umma na son ta warke daga wannan cuta, sai ta fara da malamai a kan mumbari da masu faɗa a ji a gidajensu, ba da wata yarinya da ba a yi shawara da ita ba. Tarihin kuma ba ya mutuwa don an sakaya suna. Shekarunta, da yankin da aka kamo ta, da yadda aka damƙa ta, da adadin ire-irenta a shekarar, duk suna nan, kuma su ne ilimin. Sunan ba abin da yake ƙara wa mai karatu a Zariya ko Landan. A unguwa ɗaya tak yake da aiki a duk duniya, aikin kuma ɓarna ne.

Ga wani abin da sai wanda ya yi aikin rajista yake saurin ganewa: fayil ba gaskiya ba ne, abin da aka rubuta ne. Di'o ya rubuta abin da tafinta ya faɗa masa, tafinta kuma yana da nasa abokai da maƙiya. A shekarun 1950, lokacin da 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU ke shan ɗauri a hannun En'e, wato hukumar sarakuna, rahoton da ɗan doka ya kai a kan mutum ba lalle ya wuce ƙiyayyar kasuwa ba. Ni da idona na sha ganin takardar zargi a fayil, amsar da ta wanke mutumin kuma ta ɓace ko an soke ta a wani fayil dabam. Bayan shekara hamsin wanda ya buɗe zargin kaɗai zai gani, ga hatimi, ga sa hannu, mai kare kansa kuma yana ƙarƙashin ƙasa. Mutanen Holan sun ci karo da wannan kwanan nan. A farkon 2025 suka sa sunayen mutum kusan 425,000 a intanet, waɗanda aka bincika bayan Yaƙin Duniya na Biyu bisa zargin haɗa kai da 'yan Nazi. Da yawansu ba a taɓa samun su da laifi ba. An so a sa cikakkun fayilolin ma, hukumar kare bayanan ƙasar ta ja kunne, aka dakata, aka bar mai bukata ya je ɗakin karatu da ƙafarsa.

Zuwa da ƙafa ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne. A da, wanda ke son tona wani sai ya biya kuɗin mota zuwa Kaduna, ya nemi masauki, ya cika takarda, ya zauna kwana da kwanaki cikin ƙura yana laluben layi ɗaya. Wahalar kanta katanga ce, ba ta hana mai ilimi, tana dai gajiyar da mai tsegumi. Waya ta rushe katangar. Hoton da yaron nan ya nuna mini, taɓawa biyu ce tsakaninsa da zauren WhatsApp na unguwa, daga nan sai Facebook, kuma abin da ya shiga can ya shiga ke nan. Dokar 1992 an rubuta ta ne lokacin da "buɗewa ga jama'a" ke nufin mutum ɗaya a kan kujera da fensir.

Duk wannan da na faɗa gaskiya ne, amma da zan tsaya a nan da na zama lauyan ɓarayi. Domin kalmar "sirri ne" babu wadda aka fi fakewa da ita a ofisoshinmu, ana fakewa da guzuma ana harbin karsana.

Wata maƙwabciyarmu mijinta ya rasu yana bakin aiki. Ta yi wata da watanni tana safa da marwa a wani ofis tana neman haƙƙinsa. Aka ce akwai matsala a shekarar da ya fara aiki. Ta ce a nuna mata takardar. Aka ce fayil ɗin na sirri ne. Na raka ta wata rana, na ce wa yaron da ke kan tebur, "Ɗana, sirrin wa? Mai fayil ɗin ya rasu, ga matarsa, ga takardar kotu ta gado a hannunta. Wa kake ɓoye wa, kuma don wa?" Ya sunkuyar da kai ya ce haka oga ya ce. Daga baya ta bayyana cewa wani ne ya yi kuskuren rubutu shekaru da suka wuce, ba a son a ga sa hannunsa. Sirrin mamacin bai dami kowa ba, fuskar ofis ake karewa.

Manyan gwamnatoci ma haka suke yi. Birtaniya ta kwashe dubban fayiloli daga ƙasashe 37 da ta yi wa mulkin mallaka, har da Najeriya, ta ɓoye su shekaru da dama tana cewa babu su. Sai a 2011, bayan wasu tsofaffin Kenya da aka azabtar a zamanin boren Mau Mau sun kai ƙara a Landan, aka tilasta mata ta amsa cewa suna nan. A 2013 ta amince ta biya fam miliyan 19.9, diyyar mutum 5,228 haɗe da kuɗin shari'a. A gida kuma, hukumar Mai Shari'a Oputa da aka kafa a 1999 don binciken take haƙƙin ɗan Adam ta miƙa rahotonta a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba, sai ƙungiyoyin farar hula ne suka sake shi a 2005. A duk biyun ba talakan da ke cikin takarda ake rufa wa asiri ba. Shi ne ma yake roƙon a buɗe.

Tambayar da ke raba gardama ke nan a ganina: idan aka kulle takardar nan, wa ya tsira? Idan majinyaci ne, ko shaida, ko matar da ta kai ƙara, ko jikan wanda aka zalunta, kullewar amana ce. Idan kuwa wanda ya tsira shi ne mai riƙe da makullin, ko ubangidansa, to sata ce aka yi wa rawani. Jami'in gwamnati yana da sirri a kan ciwonsa da iyalinsa kamar kowa, amma ba shi da sirri a kan sa hannun da ya yi a takardar kwangila, ko umarnin da ya bayar aka ɗaure wani. Malamanmu sun riga kowa fahimtar wannan bambanci. Su da suka fi kowa tsoratarwa a kan giba, su ne suka kafa ilimin tantance masu ruwayar hadisi, suna faɗin wane maƙaryaci ne, wane mai mantuwa ne, domin abin da ya ɗauko ya shafi al'umma. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, na farkonsu wanda aka zalunta ya kai kuka. Har shawarar aure tana ciki, amma a kan halin wanda za a aura ne, ba a kan abin da aka yi wa kakar kakarsa tana yarinya ba.

Jamusawa sun nuna cewa ana iya riƙe igiyar biyu a hannu ɗaya. Da Jamus ta Gabas ta rushe, 'yan sandan cikinta, Stasi, sun bar takardun da in aka jera su za su kai kilomita 111. Wasu suka ce a ƙone, wasu suka ce a baza. Dokar da aka yi a ƙarshen 1991 ta bi tsakiya. Daga 1992 kowa yana da damar ganin fayil ɗin da aka tara a kansa, har ya nemi sanin ainihin sunan wanda ya riƙa kai rahotonsa. Amma bayanan sauran mutanen da suka faɗo cikin fayil ɗin ba da laifinsu ba, ana shafe su da baƙi kafin a miƙa masa. Wanda aka cuta ya gani, wanda ya yi wa azzalumar hukuma aiki ya bayyana, ɗan kallo an rufa masa asiri. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, don sai wani ya karanta kowane shafi.

Mu ma dokarmu ta 2011 ta tanadi irin wannan. Ta ce idan wani ɓangare na takarda ne kawai ke da kariya, a cire shi a ba da sauran. Ta ce wanda aka hana a rubuta masa dalili da sashen dokar da aka dogara da shi, a kuma sanar da shi cewa yana iya zuwa kotu, kwana 30 gare shi. Ta sa tarar naira 500,000 a kan hanawa ba bisa ƙa'ida ba. Hanin da ba a rubuta dalilinsa ba, ba shi da ranar ƙarewa, ya haɗa da mai fayil ɗin kansa da magadansa, ya kuma kulle shafi ɗari saboda layi ɗaya, wannan ba abin da nake karewa ba ne. Abin da ya rage mana shi ne wa'adi mai hankali ga kowane irin takarda, na asibiti dabam, na kotun aure dabam, na masu ba da shaida dabam, da takardar alkawari da mai bincike zai sa wa hannu cewa ya ga sunaye amma ba zai fitar da su ba. Majalisun dokokin Bauchi da Gombe suna iya yin wannan wa takardun jihohinsu ba tare da jiran Abuja ba.

Ko da yake, in faɗi gaskiya, wani lokaci sai in ga muna jayayya a kan makulli alhali ɗakin ba shi da rufi. Takardun yankin nan sun sha yawo: daga Kaduna zamanin Jihar Arewa, zuwa Maiduguri a 1967, zuwa Bauchi a 1976. Ina cikin waɗanda suka ɗaure fayilolin ma'aikata 'yan asalin Gombe da igiya a 1996, aka loda su a mota, ana sauri, wasu bangonsu ya riga ya rabu da cikinsu. Abin da gara ba ta ci ba, ɗigar damina ta taɓa. Wata safiya kuma, shekaru bayan haka, na sayi ƙosai a bakin kasuwar Wunti, aka ƙunshe mini a takarda. Ina ci ina karantawa, kamar yadda tsohon akawu ya saba. Takardar neman hutun jinya ce ta wata ma'aikaciya, da cikakken sunanta, da lambar fayil ɗinta, da sunan ciwon, irin wanda ko a gida ba a faɗa da ƙarfi. Mai ya jiƙa rabin shafin amma ana karantawa sarai. Na tambayi mai ƙosan inda take samun takardun, ta ce a buhu ake kawo musu. Wataƙila ofishin da buhun ya fito, ranar ma ya kori wani ɗalibi da cewa takardunsa na sirri ne.

Yaron dai ya koma ya yi shawara da malaminsa. A kundin ya rubuta labarin yarinyar duka, shekarunta da shekarar da aka 'yanta ta da yadda aka ba da riƙonta, ya sa mata wani suna, ya kuma faɗa a fili cewa ya sakaya sunayen. Lambar fayil ɗin tana nan a ƙasan shafi, don masu jarraba shi su iya tabbatarwa. Da ya kawo mini in duba, ya ce, "Baffa, idan wani daga gidan ya zo da kansa yana son ya san kakarsa fa?" Na ce wannan kam ka zaunar da shi ka nuna masa, nasa ne. Hoton ya goge shi daga wayar a gabana. An ɗaura auren bayan Babbar Sallah, tare muka je da shi, ya ma taya su rabon goro. Wanda ke son ganin layi na bakwai yanzu, sai ya biya kuɗin mota zuwa Kaduna.